Faifai na Huɗu

Da hantsi Anti Tela ta ji Baba yana laluben ƙofar ɗakin aikinsa, sandarsa na bugun bango. Shagon ɗinkinta ne ke jingine da ɗakin nasa a saman bene, don haka ita ta fara ganin sa. Ya fito ya tsaya a baranda, ya ce, ba da ƙarfi ba, "Jama'a, Mama ta ɓace."

Anti Tela ta ɗaga ƙafa daga kan keke. Mama dai matar Baba ce, kuma watanta goma sha huɗu da rasuwa.

"Baba, zo ka zauna tukuna. Ka karya kuwa yau?"

"Ba zautuwa na yi ba, 'yar nan. Ta cikin akwati nake nufi."

Sai a lokacin ta gane. Aikin Baba shi ne ɗaukar karatun littattafai saboda makafi. Shekara goma sha ɗaya Mama tana karantawa a gaban makirfo shi yana ɗauka, har nasa idanun suka dusashe a hanya, ya koma cikin masu saurare. Babban ɗansa ne ya haɗa masa wata 'yar kwamfuta kafin ya tafi aikin jirgin ruwa, inda sai a yi wata biyu ba a same shi a waya ba. Ƙarama ce, mutum zai iya saɓa ta a hammata, kuma ba ta ƙara ko kaɗan, domin makirfo ko sauro ne ya gitta sai ya kama shi. A cikinta akwai faifan ajiya huɗu. Kowanne Baba ya raɗa masa suna, kuma in an kunna ta sai ta kira masa sunayen da murya: Aiki, Littafi, Rumbu, Mama. Littattafan da aka kammala sun bazu a hannun mutane. Amma ɗanyen aikin, da tarin Mama, da dariyarta in harshenta ya yi tuntuɓe, a faifai na huɗu kaɗai suke. Yau da safe kwamfutar ta kira suna uku, ta yi shiru.

Aka kira mai gyaran waya na ƙasan bene, wanda ya raɗa wa kansa Injiniya. Ya hau da sukundireba, ya kwance murfin gefe guda, ya haska da fitilar wayarsa.

"Ga su nan a jere, ɗaya, biyu, uku. Ga gurbin na huɗu, wayam." Ya miƙe yana karkaɗe hannu. "Baba, sai haƙuri. An yi maka sata."

Ba a fasa ƙofa ba. Makullan ɗakin uku ne: ɗaya a aljihun Baba, ɗaya a durowar Anti Tela, ɗaya a wuyan Inna mai shara. Jiya kuwa Baba bai zo ba, ranar hutunsa ce. Sai wani ya tuna ya ga Inna jiyan tana saukowa da abu ƙunshe a mayafi. Kafin rana ta take, ba wanda ya kira sunanta da sata, amma ba wanda ya amsa gaisuwarta.

* * *

Mai Sawu gadin rana yake yi a garejin motoci da ke bayan layin. A inda ya taso, in dabba ta ɓata shi ake kira, kamar yadda ake kiran mahaifinsa kafin shi. A nan ƙasa duk siminti ce, ba ta riƙe sawu, amma sunan ya biyo shi. Shi kaɗai yake kwana a wani ɗan ɗaki da ke bakin garejin, kuma sai ya wuni bai ce komai ba in ban da "a dawo lafiya".

Anti Tela da kanta ta je ta same shi.

"Anti, ni fa ban san kwamfuta ba."

"Wa ya ce ka gyara? Ɓarawo za ka nemo mana. In ka samo, ɗinkin wandonka kyauta, don wannan da ke jikinka ya gaji da duniya."

Ya bar wa mai wankin mota ƙofa, ya biyo ta.

A bakin ɗakin ya cire takalmi. Bangon duk a liƙe yake da soso, ƙasa kuma shimfiɗe da kafet mai kauri. Da ya shiga sai ya ji shirun ya cika masa kunne, irin wanda ya daɗe bai ji ba. Baba na zaune a kujera, abin sauraro a kan cinyarsa, hannuwansa biyu a kai.

"Ina wuni, Baba. Ya muka ji da wannan abu?"

"Sai haƙuri, ɗana. Kai ne mai bin sawun?"

"Haka suke cewa."

Ya tsugunna kusa da tebur. Ba tarkace a kai: makirfo, kwamfutar da aka bari a buɗe, sai kwalaben maganin ido guda biyu. Ɗaya an liƙa mata filasta layi ɗaya, ɗayar layi biyu.

"Wannan fa, Baba?"

"Aikin Auta ne, 'yata. Nas ce a asibiti. Layi ɗaya na safe, biyu na yamma, don in shafa in gane."

"Ita ke kawo ka?"

"Ita ke kawo ni da safe ta wuce aiki, ta dawo ta ɗauke ni."

"In mutum ya buɗe akwatin nan, ta yaya zai san wanne ne Mama?"

Baba ya girgiza kai. "Ni kaina ban taɓa ganin sa ba. Muryar kawai na sani."

"Kana yawan saurare?"

"In na gama aiki. Wani lokaci Auta takan ɗan jira ni."

"Wani lokaci?" in ji Anti Tela daga bakin ƙofa. "Baba, kullum ne. Yarinyar nan har matakala ta san ta."



Mai Sawu ya roƙa a buɗe ƙofar sosai don haske ya shigo a kwance. Ya kwanta rub da ciki, kuncinsa a kan kafet. Sawun silifas ɗin Injiniya ya tattake ko'ina, shi kaɗai ya shiga da takalmi. Amma a can ƙarƙashin tebur, inda ƙafarsa ba ta kai ba, gashin kafet ya kwanta a wuri biyu, zagaye, kusa da juna. Wani ya durƙusa a nan, kuma ya daɗe. Ya zuba wa wurin ido. Ɓarayin da ya taɓa bi ba su da wannan haƙurin. Kuma me ya hana mutum ya rungume akwatin gaba ɗaya ya fice?

* * *

Ya samu Inna a bayan gini, kusa da famfo, tsintsiya a kan gwiwa. Ba ta jira ya gaishe ta ba.

"An turo ka ka kama ni? Ga ni. Ko gudu ba na iyawa."

"Inna, gaishe ki na zo yi. Ina wuni?"

Ta dube shi, ta kawar da kai. "Lafiya lau. Kai ne na farko yau."

Ya zauna a kan wani bulo. Bai tambaye ta komai ba. Famfon na ɗiga a bokiti. Can sai ta jawo wata leda daga bayan ƙofar ɗakin tsintsiya ta zazzage a gabansa. Guntayen soso ne, tsofaffi, masu ruwan toka.

"Ga abin da na sata. Waɗanda suka ɓanɓaro daga bango ne, Baba da kansa ya ce in zubar. Ƙuguna ke ciwo, nake tara su in cusa a matashi. Kunya ta sa na ƙunshe, kada a ce Inna ta koma tsintar shara." Ta mai da su ɗaya bayan ɗaya. "Shekara tara ina share ɗakin nan. Ranar da aka kawo akwatin, marigayiya ta ce mini, Inna, wannan ko ƙuda ya hau kansa ki bar shi. Ni da ko rediyo ba na iya canza wa tasha."

"Jiya da kika shiga, kin ga wani abu daban?"

Ta yi tunani. "Abin kunnen nan nasa. Kullum a yashe yake barin sa, wayar a zube a ƙasa har tana kama mini ƙafa. Jiya na tarar an nannaɗe wayar tsaf, an rataye. Na ce a raina, yau Baba ya yi hankali." Ta ɗan rage murya. "In tambaya kake yi, ka tambayi mai gyaran nan. Wata nawa yana bin Baba wai a ba shi akwatin ya duba."

* * *

Shagon Injiniya kamar kejin kaji yake, wayoyin mutane a rataye ko'ina. A kan kanta akwai wani faifai, baƙi, ya danne wasu takardu da shi. Idon Mai Sawu ya sauka a kai, idon Injiniya ya sauka a kan Mai Sawu.

"A'a, mutumina! Kada ma ka fara. Wannan matacce ne, ya girme ka a layin nan."

Mai Sawu ya ɗaga faifan da yatsa biyu. A ƙarƙashinsa takardar fara ce tas, gefenta kuwa ta yi ja saboda daɗewa. Wannan abin ya yi watanni bai motsa ba. Ya mai da shi daidai inda yake.

"Gaskiyarka."

"Ka ga? Ni da na taimaka, ni za a zarga."

"Me ya sa kake so a ba ka akwatin?"

Injiniya ya gyara zama, domin an taɓo inda yake so. "Saboda wuta. Ka san kowane faifai waya biyu gare shi, ta magana da ta abinci. Ta abincin daga akwatin wuta take fitowa. To wanda yake son kwamfuta ƙarama mara ƙara, dole ya sa ƙaramin akwatin wuta, kuma irin wannan baki uku gare shi. Uku kacal. Baba ya ce mini faifansa huɗu, na ce to an yi wa waya ɗaya reshe ke nan, biyu na cin kwano ɗaya. Na ce a sa babba kafin wani abu ya ƙone. Ya ce babba zai yi masa gurnani a makirfo. Shi ke nan laifina."

"Da ka buɗe yau, ka ga reshen?"

"Me zan duba? Ga gurbi a fili, wayam."

"Ara mini sukundirebarka."

"Kai da ko saƙo ba ka iya turawa?"

"Zan dawo maka da ita."

* * *

Baba na nan yadda ya bar shi. An kawo masa shayi, ya huce a gefe.

Mai Sawu ya durƙusa ya haska cikin akwatin da tocilarsa ta gadi. Ya fara da gurbin da aka ce an sace. Ƙura ce a kwance a ciki, laushi, ba tsaga ba gogewa, kamar filin da dabba ba ta taɓa ratsawa ba. Ramukan noti ma a toshe suke da ita. Ba a cire komai daga nan ba jiya. Ba a ma taɓa sa komai ba.

Sai ya koma kan wayoyin. Bai san sunansu ba, amma ya san yadda ake bin abu daga inda ya tashi zuwa inda ya kwana. Daga ƙaramin akwatin wuta wayoyi uku suka fito. Ta farko ta shiga faifan sama. Ta biyu ta shiga na tsakiya. Ta ukun, kafin ta kai na ƙasa, ta rabu biyu. Reshe ɗaya ya shiga faifan, ɗayan ya sulale ta wata 'yar kafa, ya nutse a bayan wani farantin ƙarfe.

"Baba, ka yarda in buɗe ɗaya gefen?"

"Yana buɗuwa?"

"Akwai noti biyu. Kuma kansu na sheƙi, ba a daɗe da murɗa su ba."

Ya juya akwatin a hankali ya kwance. Ga shi nan. Tsohon faifai ne, ya fi sauran kauri, an rataye shi a kan igiyoyin roba huɗu kamar jariri a lilo, bai taɓa ƙarfe ta ko'ina ba. Ashe ɗan Baba ya ɓoye shi a nan ne don kada rawar jikinsa ta kai ga makirfo. Siririyar wayar magana na nan a jikinsa. Ta wutar ce aka zare. Kuma ba a bar ta tana lilo ba. An rufe bakinta da farin filasta, an liƙe ta a jikin bango, nesa da fanka. Ƙarshen filastar an ɗan lanƙwasa shi ciki, ya yi kamar kunne.

Ya daɗe yana kallon wannan kunnen. Sannan ya ɗaga kai ya dubi kwalaben maganin ido. Kowane layi na filasta a jikinsu da irin kunnensa.

"Ka yi shiru, ɗana. Me ka gani?"

Mai Sawu ya mai da murfin ya jingina, bai ɗaure ba.

"Baba, Mama ba ta yi nisa ba. Ba a taɓa lafiyarta ba kuma. Ka ba ni zuwa yamma."

Tsohon ya ƙara riƙe abin sauraron. "Ba lallashina kake yi ba?"

"Ban iya ba, Baba."

* * *

Da rana ta yi sanyi Nas, 'yar Baba, ta shigo layin da fararen kayanta, kular abinci a hannu. Ba ta hau sama ba. Ta zauna a matakala ta uku, ta ajiye kular a gefe, kamar wadda ta saba. Mai Sawu ya zo ya zauna a ta farko, ya ba ta baya kaɗan.

"Sannu da aiki, Nas."

"Yauwa, sannu. Yau ba gadi?"

"Na ɗan fito. Tambaya gare ni, ta jahilci. Me ya sa ku ma'aikatan asibiti kuke lanƙwasa ƙarshen filasta?"

Ta yi ɗan murmushin gajiya. "Don mai cirewa ya samu wurin kamawa, kada ya tsaya yana ƙwaƙular fatar mara lafiya. Hannu ne ya saba, ko ban yi niyya ba sai na yi."

"Na ga alama."

Ta juyo ta dube shi. Murmushin ya tafi. Wata mota ta wuce, sannan wata.

"Tun safe ake cewa an yi wa Baba sata," in ji shi. "An ɗora wa Inna. Tana bayan gini, ko ruwa ba ta sha ba."

"Inna?" Ta dafe baki. "Wayata a kashe take in ina ɗakin marasa lafiya. Ni na ɗauka Baba zai ce faifan lalacewa ya yi, ya jira Yaya ya dawo. Wata biyu kawai nake so. Wallahi wata biyu kawai."

"Ban tambaye ki dalili ba. Zan tara su a sama yanzu. Zan faɗi abin da ƙura ta nuna mini, da abin da waya ta nuna mini. Sauran ba na so ya fito daga bakina."

Ya tashi ya bar ta da kularta.

* * *

Ɗakin bai saba ɗaukar mutum shida ba. Anti Tela ta tsaya a jikin ƙofa, Injiniya ya jingina da soso, wannan karon ba takalmi. Inna ta ƙi zama. Nas ta shigo ƙarshe, ta tsaya a bayan kujerar mahaifinta.

"Abin da Inna ta fita da shi jiya soso ne, na gani," in ji Mai Sawu. "Faifan da ke shagon Injiniya ya daɗe a wurin. Makullin Anti ma yana ƙarƙashin zare, tsatsa ta fara cin sa."

"Har durowata ka leƙa?"

"Da kika je kiran Inna. Ki yafe ni." Ya juya akwatin, ya ɗauke murfin. "Ba a saci komai ba. Ga Mama nan. Wuta kawai aka cire mata."

Injiniya ya sunkuya ya leƙa. "Kai! Ashe ta baya aka rataye shi. Ai dama na yi zargin haka."

"Ka yi zargin haka ka ce sata?" in ji Inna. "Allah ya ba ka lafiya, Injiniya."

Anti Tela ta kamo hannun Inna. "Inna, mun yi miki ba daidai ba."

"Kun yi. Gobe in na gaishe ku ku amsa da ƙarfi, kunnena ya fara nauyi."

Baba bai yi dariya ba. "Wa ya cire?"

Mai Sawu ya zuba ido a kafet.

"Ni ce, Baba."

Tsohon bai juya ba. Kafaɗarsa ce kawai ta motsa.

"Jiya da ka kwanta da rana na zari makulli a aljihunka. Ni na riƙe wa Yaya tocila ranar da ya haɗa kwamfutar, na san inda faifan yake. Ban goge komai ba, ban ma iya taɓa shi ba sai da na daɗe a durƙushe." Ta dafa bayan kujerar. "Wata goma sha huɗu, Baba. A hanya ba ka magana. A gida in na yi maka magana sai ka juya fuska bango. In na zo nan in zauna a matakala kamar 'yar aike, kai kana ciki da ita. Ni ma fa uwata ce. Ni ma na rasa ta, sannan na rasa ka, kana zaune a gabana."

Anti Tela ta sa gefen mayafi a ido. Injiniya ya shiga duba farcensa.

Baba ya ce, "A mayar mata da wutar."

Nas ta durƙusa da kanta. Ta kama kunnen filastar ta ja, ya fita salin alin. Ta soka wayar a jikin faifan, ta danna maɓallin kunnawa. Fanka ta fara juyawa ba sauti. Daga bayan akwatin aka ji ƙas, ƙas, ƙas, sai shiru. Kwamfutar ta ce, "Aiki. Littafi. Rumbu." Ba ta ƙara ba.

Nas ta ɗora hannu biyu a ka. "Na kashe shi. Baba, na kashe shi."

"Tsaya, tsaya," in ji Injiniya, yanzu ba wasa a muryarsa. "Bai mutu ba, tashi yake so ya yi ya kasa. Tsohon faifai ne, lokacin tashi yake jan wuta da yawa, ga shi ya kwana a sanyi, ga shi kwano ɗaya suke ci da wani. A kashe. Sai an cire wa ɗaya wuta, a bar masa wayar shi kaɗai. Baba, wanne zan cire?"

"Cire Aiki."

"In na cire wannan ai ita kanta kwamfutar ba za ta farka ba. Wanda suke raba reshe da shi zan cire, na ƙasan nan."

"Cire ko wanne ne."

Ya zare. Nas ta sake dannawa. Ƙas. Sai wani siririn sauti ya taso, kamar ƙudan zuma a cikin tulu, ya yi sama, ya daidaita.

"Aiki," in ji kwamfutar. "Littafi." Ta ɗan tsaya. "Mama."

Baba ya lalubi madannai. Bai sa abin sauraro a kunne ba, ya zare wayarsa, muryar ta fito ta lasifika ta cika ɗakin. Mace ce ke karatu a natse. Ta yi layi biyu, ta yi tuntuɓe a wata kalma, ta yi dariya, ta ce, "Kai, wannan marubuci ba ya tausayin harshe. Mu sake."

Mai Sawu bai taɓa jin muryar marigayiyar ba. Amma ya san ta. Ɗazu a matakala ya ji ta. Ya dubi Nas, ya ga Anti Tela ma ita take kallo.

Baba ya tsayar da karatun.

"Kun ji, ko?" Ya juya fuskarsa inda yake jin numfashin 'yarsa. "Ku kuna da ido, in Auta ta yi magana fuskarta kuke gani. Ni ba ni da shi. In kika ce Baba ga ruwa, daga bakin ƙofa, uwarki nake ji ta shigo. Sai zuciyata ta tashi tsaye. Sannan in tuna. Sau goma a wuni ake yi mini rasuwar nan, Auta. Wannan ta cikin akwatin aƙalla na san ni na kunna ta."

Nas ta zauna a kafet inda take durƙushe. "Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"In ce miki ki daina magana a gidan ubanki?"

"Ai na kusa dainawa."

"Na lura. Shi ya fi ciwo."

Inna ta taɓa Anti Tela, Anti Tela ta ja rigar Injiniya, suka fice ɗaya bayan ɗaya. Mai Sawu ya tsaya ya ɗaure notin murfin, ya ajiye akwatin daidai inda ƙafafunsa suka saba zama. Ba wanda ya lura da shi, kuma hakan bai dame shi ba. Yana bakin ƙofa ya ji tsohon ya ce, "Me kika kawo a kular?"

"Shinkafa ce. Ta huce."

"Zuba mana haka nan. Ki ba ni labarin asibitinku."

"Baba, in na yi magana..."

"Na sani. Yi dai. Ki fara da cewa Auta ce, har in saba."

Mai Sawu ya ja musu ƙofar a hankali.